Daga Nima zuwa Korle Bu, da Odaw a tsakani

Da hantsi na hau trotro, ƙaramar motar haya, a unguwar Nima ta birnin Accra, ina so in bi hanyar da ake bi da majinyaci zuwa babban asibitin Korle Bu, tunda Yuni ya kama, hadari kullum a sama. Na sauka a Circle, inda gidan mai ya kama da wuta daren 3 ga Yuni 2015, jama'a na fake wa ruwa. Wajen mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Na leƙa Odaw, koramar da ta ratsa garin, daga kan gada. Yashi da ledar ruwan sha sun shaƙe ta, ruwan baƙi ƙirin. In ta batse, Nima da Mamobi suna wannan gefe, sashen masu ƙuna na Korle Bu yana wancan. Likitan unguwa ne zai riƙe majinyaci har ruwa ya janye, da abin da ke cikin sito kawai.

Lissafin ba ya da daɗin ji. Mai kilo 60 da wuta ta ci kashi 40 cikin 100 na jikinsa yana buƙatar lita 9.6 na ruwan Ringer, ruwan da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya, a awa 24, rabi cikin awa 8 na farko, kuma ƙidayar daga lokacin ƙunar take farawa, ba daga isowarsa ba. Leda ɗaya rabin lita ce, wato kusan leda 20 ga mutum guda. Bayan kwanaki kuma sai kwalara, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a Gana a 2014. Wanda ta galabaitar, mai wannan nauyin, lita 6 zai sha ta jijiya cikin awa 3. Sai kulorin: kashi 2 cikin 100 don amai da bayan gida, kashi 0.05 cikin 100 don wanke hannu. Masu aikin dare sukan rikita su in ba a rubuta a jikin bokiti ba.

Na ratse wani ƙaramin asibiti a hanya. Janareta a ƙasa, dab da lambatu. Ruwa ya kai gwiwa ta mutu, firijin insulin da alluran rigakafi ya haura digiri 8, iyakar zafin da ake ajiye su. Dakalin bulo huɗu ya isa ya ɗaga ta.

Muna tsallake tafkin Korle aka fara yayyafi, yaron mota ya ja gilashi.