Motata ta rasa silo a hanyar Damagaram

Daga Kano zuwa Daura babu abin ba da labari. Mun tsallaka iyaka zuwa Nijar ta Kwangwalam, aka duba takardunmu a Dan Barto, muka nufi Matamaye. Daga nan motar ta fara nuna hali. Muddin ƙafata na kan totur lafiya lau take gudu, amma da na rage na tsaya sai ta rasa silo, wato aikin inji a hankali ba a taka totur ba, allurar injin ta yi sama ta faɗo, sitiyari na karkarwa a hannuna. A wani shinge ta mutu murus a gaban jami'i. Ko sallamata bai amsa ba, ya ce mu 'yan Najeriya ba ma gyara mota sai ta kwanta, in ture ta gefe in ba mutane hanya. Ya juya takarduna gaba da baya, bai samu abin kamawa ba, ya miƙo mini yana kallon wani wajen.

Haka na lallaɓa ta Takeita har Damagaram, ƙafa ɗaya a birki ɗaya a totur. Mai masaukina a unguwar Birni yake. Ruwa a garin nan abu ne mai daraja, ko'ina jarkoki ne da 'yan garuwa, amma bokiti biyu cike aka ajiye mini na wanka, ga tuwon gero ga fura. Da safe ya ce kada in taɓa komai, akwai wani dattijo mai gareji da zai kai ni wurinsa.

A gida na san yadda za a yi. Yaro zai buɗe bonet ya ce fulogi ne, a saya. In bai yi ba a ce nozul, daga nan a ce fil famfo, kana biya ana gwaji da aljihunka. Wani ma ya ja wayar totur ya ɗaga silon, ya ce an gama. Wannan dattijon tambaya ya fara yi.

"Alhaji, da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Kuma ina ka sha mai?"

"Baba, kowane lokaci, amma ya fi tsanani in ta yi zafi. Mai kuwa a gidan mai na sha."

Ya ce madalla, don man kwalba na bakin hanya kan zo da ruwa ko datti, shi kaɗai ya isa ya hana inji zama. Ya bar motar ta yi zafi. Injin fetur irin nawa in ya ɗumama kamata ya yi ya zauna wajen juyi 700 a minti, nawa kuwa yana hawa sama da 1,000 ya sauko har ya kusa mutuwa. Sai ya riƙa zare wayar koyil ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya zare injin ya ƙara raurawa, alamar duk silinda huɗun suna aiki ke nan. Da akwai wadda ya cire bai ji canji ba, to nan matsalar wuta take. Ya ce fulogina su zauna inda suke.

Daga nan ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireta, ya kori yaron da ke shan sigari a kusa, yana fesa kaɗan-kaɗan a bakin kowane tiyo, kunnensa na kan injin. Da ya iso babban tiyon roba da ya taso daga gidan iya kilina zuwa totur, sai muryar injin ta canza nan take. Ya kwance shi ya lanƙwasa mini a rana. Ga tsaga nan a cikin ninkin robar ta ƙasa, tsawon ɗan yatsa, inda ido ba ya kaiwa.

Bayaninsa ya zauna mini. Akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, kwamfutar mota kuma da wannan awon take ba da mai. Iskar da ta kutso ta tsagar ta wuce ba a auna ta ba, mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara, ta rage, ta ƙara. A kan gudu iskar da ake ja tana da yawa, ɓarakar ba ta cika nunawa, sai an tsaya. Ya wanke bakin totur da ya yi baƙi ƙirin, ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga iya kilina, ya gargaɗi yaransa kada wanda ya sa yatsa ko tsumma a siririyar wayar na'urar awon, feshi kawai.

Tiyon ne ya zama ciniki. Mai shagon kayan mota ya ce jaka biyar na sefa (a can jaka ɗaya sefa dubu ce), muka yi ta ja har ya sallama a jaka uku, yana rantsuwa daga Kofar Ruwa ya sayo shi. Wato kayan garinmu na bi har Damagaram na saya da tsada, ga naira ba ta da ƙarfi a gaban sefa! Dattijon ya ɗaura, ya cire kan batir na ɗan lokaci, ya mayar, ya bar motar tana aiki ba a taɓa totur ba har allurar ta tsaya cak. Kuɗin aiki kuwa ya ce in ba yara na shayi, tunda baƙon maƙwabcinsa ne ni. Sai da mai masaukina ya sa baki ya karɓi jaka biyu.

Sauran zaman yawo ne. Na ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun da gidajen Birni suka raɓa, garin da ya riƙe hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Ranar Alhamis na shiga kasuwar Dole, na sayi kilishi da takalman fata, masu kyau amma ba arha. Direbobinsu sun fi namu haƙuri, masu kabu-kabu kuwa duk ɗaya ne da 'yan acaɓarmu.

Na dawo ta Magarya da Babban Mutum, na kwana Babura wurin 'yan'uwa.