Rasit, zanen 'yan sanda da rahoton likita: aikinmu a kan diyyar hatsarin babur

Ofishina ɗaki biyu ne a saman wani bene a cikin Kano, ni da ƙananan lauyoyi biyu da akawu ɗaya, kuma mafi yawan fayil ɗin da ke kan teburinmu na mutanen da mota ta kaɗe ne suna kan babur. Wasu kan yi mamaki idan na faɗi haka, domin sun san tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Sai dai hanin bai raba babur da titi ba. Malamin makaranta da ɗan kasuwa da shi suke fita har gobe, kuma da zarar ka bar birni ka nufi Wudil ko Bichi ko Gwarzo, babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne ke kai buhun masara kasuwa. Mai mota yana da ƙarfen da zai tare masa, mai babur kuwa ƙafarsa ce ke fara karɓar bugu, shi ya sa karayar ƙwauri da ta cinya suka fi yawa a cikin waɗanda muke zuwa dubawa a Asibitin Ƙashi na Dala.

Bayan na gama Jami'ar Bayero da Makarantar Lauyoyi ta Bagauda, na zauna a ƙarƙashin wani dattijon lauya, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya ɗaga murya amma tambayarsa ɗaya takan hana mutum barci. Shari'ar farko da ya bar mini ta wani tela ce da motar haya ta take wa ƙafa. Na shirya jawabi mai ratsa zuciya, na kawo masa ina jiran yabo. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗan nan, ina rasit?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya ga ƙafar." Ya ce alƙali ma zai gan ta, amma ba zai ga kuɗin da aka kashe a kanta ba. Haka kuwa aka yi. Dangin telan sun kashe dukiya wajen mai ɗori da kantin magani da kuɗin mota, babu takarda ko ɗaya, don haka kotu ta ba shi abin da ta ƙiyasta na raɗaɗi da nakasa, ta yi watsi da duk sauran. A babbar kotu, kuɗin da mutum ya ce ya kashe sai an jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma kawo shaidar kowane kwabo. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ofishina, kafin in tambaye shi yadda abin ya faru, ambulan nake miƙa wa ɗan'uwansa in ce ko audugar naira 200 aka saya a karɓi rasit a jefa a ciki.

Abin da na fi alfahari da shi a wannan sana'a shi ne karanta wurin hatsari. 'Yan sandan sashen kula da ababen hawa sukan zana taswirar wurin, direbobi su sa hannu, jami'an VIO masu duba lafiyar ababen hawa kuma su duba birki da taya su rubuta rahoto. Lauyoyi da yawa a nan suke tsayawa, ni kuwa sai na je da ƙafata da tef ɗin awo, domin na sha ganin zanen da aka yi bayan an janye babur gefen hanya, mai babur ɗin yana asibiti a sume, direban motar shi kaɗai ya nuna inda aka yi karon. Inda gilashin fitila ya zube, da tsawon layin da taya ta ja a kwalta, da gefen da tankin babur ya lotsa, waɗannan suna faɗin wanda ya shiga hannun wani, amma kwana biyu sun isa ruwan sama ko tayoyin tirela su shafe su. Shaidu ma haka suke. Mai shayi da mai faci da mai rake da ke bakin titi sun fi kowa ganin abin da ya faru, kuma idan ba a karɓi lambar wayarsu da wuri ba, sai a dawo a tarar sun tashi, ko kuma sun ce ba sa son shiga maganar kotu. Ina kuma gaya wa wanda ya ji rauni gaskiyar da ba ya son ji: lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye shi hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sawa a watan Janairun 2009, zai tambaye shi lasisi da yawan mutanen da ya goya, kuma idan kotu ta ga akwai nasa sakacin, takan rage diyyar gwargwadon laifinsa.

Katin asibiti ba rahoton likita ba ne. Abin da muke nema shi ne rubutun babban likitan ƙashi da zai bayyana irin karayar, da aikin da aka yi, da ko za a sake buɗe ƙafar a cire ƙarfe, da abin da mutumin ba zai ƙara iya yi ba. Wannan rahoto ba a gaggawarsa, domin ƙafar da ake zaton ta ɗinke tana iya gajarcewa ko ta ƙi lanƙwasuwa bayan watanni.

Sai maganar inshora, wadda ita ce ta fi cin raina. Tun a 1945 aka fara kafa dokar da ta wajabta wa mai abin hawa inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar naira 15,000 ga motar gida, naira 5,000 ga A Daidaita Sahu, naira 3,000 ga babur, kuma motar gida tana da kariyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da rasa rai kuwa ba a yi musu iyaka ba. A takarda wannan gata ne babba. Amma sau da yawa idan muka sa lambar motar a rumbun bayanan NIID, inda ake tantance inshorar gaske, sai mu tarar babu ita, domin mai motar wajen 'yan kamasho ya sabunta takardunsa, suka buga masa wata takarda mai tambari da sunan kamfanin da bai san da zamanta ba. Ko da 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan inshora a watan Fabrairun 2025, masu buga jabun ba su daina ba. Idan haka ta faru sai mu bi direban da mai motar, tunda ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin yaronsa a bakin aiki, sai dai wani lokaci motar da ta yi ɓarnar ita ce duk abin da mutumin ya mallaka.

'Yan kamashon nan suna da 'yan'uwa a ƙofar asibiti da ofishin 'yan sanda, masu cewa sun san lauya, sun san alƙali, a kawo kuɗin buɗe fayil. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauya farautar masu ƙara ta hannun dillalai, kuma duk wanda ya zo mini ta wannan hanya nakan mayar da dillalin tun daga matakala. Waɗannan mutane ne suke sa a ɓata lokaci, alhali idan motar ma'aikatar gwamnati ce ta yi kaɗin, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara.

Abu mafi wuya shi ne sulhun bakin gado. Kwana uku da hatsari sai a taho da dattawan unguwa da kayan dubiya da ambulan, a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, a sa hannu an yafe. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Barista, ɗana, mu ba ma cin kuɗin jini." Na ce, "Hajiya, yafiya alheri ce, amma a bari ya san abin da yake yafewa." Addinin da ya kwaɗaitar da afuwa shi ne ya ƙayyade diyya, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ce, yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Ni ba maƙiyin sulhu ba ne, yawancin fayil ɗinmu ma da shi suke ƙarewa, ba tare da an kai ga hukunci ba. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi sa hannun mutumin da allurar kashe raɗaɗi ba ta sake shi ba, kafin likita ya faɗi ko zai sake taka ƙafar. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, nakan tura shi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar diyyar hatsari tana cikin aikinta.

A yanzu haka akwai fayil ɗin wani magini a gabana, wanda tifa ta kaɗe a hanyar Zariya. Inshorar tifar ta gaske ce, mai faci ya yarda zai ba da shaida, ambulan ɗin rasit ya cika har an buɗe na biyu. Kamfanin ya aiko da tayin sulhu, dangi suna matsa mini in karɓa, na ce su ƙara haƙuri har a ɗauki hoton ƙashin a wata mai zuwa, mu ji ko likita zai bar shi ya sake hawa tsani.