Jar dara a gaban ganuwar Kustantiniyya

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin kaya, bayan shekara huɗu ina ɗinka wa 'yan wasanmu sutura. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun bara, gara in faɗe shi kafin in tafi.

Duk kun tuna wasan Muhammadu Alfatih, Sultan na Turkawa da ya ci birnin Kustantiniyya da yaƙi. Wata biyu na yi ina karatu kafin in taɓa almakashi. Na san an yi wa birnin ƙawanya ranar 6 ga Afrilu 1453, ya faɗi ranar 29 ga Mayu, Sultan yana ɗan shekara 21. Na karanta yadda aka ja jiragen ruwa ta kan tudu bisa gumagumai masu maiƙo, saboda Rumawa sun datse bakin tashar da sarƙa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hular sojojin Janisari, zaɓaɓɓun dakarun Sultan: fara ce ta ulu mai kauri, doguwa, da jela mai saukowa har bayan wuya. Na zana ta, na yanka samfuri a kwali, na kai wa darakta da lissafin kuɗi.

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, Turkawa ai jar dara suke sawa. Ki je kasuwa ki saro guda arba'in." Na ce, "Yallaɓai, dara daga baya ta zo." Ya ce 'yan kallo ba za su gane ba. Na ja bakina na yi shiru, na je na saro. Shirun nan ne kuskurena, kuma har yau yana ci min rai.

Daren wasa, wani dattijon malamin tarihi yana zaune a layin gaba. Da aka tashi ya zagayo bayan labule, ya ɗauki dara ɗaya yana jujjuya ta. Cikin ruwan sanyi ya ce Sultan Mahmudu na biyu ne ya wajabta ta ga ma'aikatan daula a 1829, shekara uku bayan ya rushe rundunar Janisari a 1826. Wato mun ɗora wa sojoji hular da ba ta zama ta hukuma ba sai bayan an shafe su. Ya tambayi wanda ya shirya kayan. Darakta ya nuna ni da baki. Ina tsaye, allura tana soke a gefen gyalena, yara arba'in suna kallona, bai ƙara kalma ɗaya ba.

Ke da za ki gaje ni, ƙanwata, duk umarnin da aka ba ki kan kaya, ki nemi a turo miki shi a rubuce. Kada ki dogara da fim wajen sanin suturar wani zamani, ki nemi zanen da aka yi a lokacin. Rawanin Sultan daga zanen da Jentile Belini, mai zane ɗan Italiya, ya yi masa a 1480 na ɗauko shi, fari naɗe kan jar hula, na warware na sake naɗawa sau shida kafin ya zauna. Malamin ya tsaya kansa ya gyaɗa kai. Darakta bai taɓa zancensa ba.

Samfurin hular Janisari yana durowa ta ƙasa, cikin leda, da awo a bayansa. Yadi ɗaya na farin ulu ya ishi hula biyu.