Daga katun zuwa dandamali: darussan da aikin ya koya mini

Mai shirya wasan dandamali a kan sabon labari fama yake yi ya tara mutane. Wanda ya ɗauko labarinsa daga shahararren fim ɗin katun ba shi da wannan damuwa, amma tasa ta fi nauyi, domin masu kallonsa da fim ɗin a ka suke shigowa. Sun haddace waƙoƙin, sun san inda ake dariya da inda uban jarumi zai mutu, wasu yaran ma da kayan jarumar fim ɗin a jikinsu suke zuwa. Abin da bin diddigin irin waɗannan wasanni ya koya mini shi ne, wannan ƙauna tikitin watannin farko kawai take sayarwa. Bayan nan sai abin da wanda ya kalla ya je ya faɗa wa wanda bai kalla ba.

Tarihin Broadway, unguwar gidajen wasa ta birnin New York, ya isa shaida. Tarzan na kamfanin Disney ya buɗe a 2006, ya rufe a 2007. The Little Mermaid ya buɗe a Janairun 2008, ya rufe a Agustan 2009. Shrek na DreamWorks ya fara a ƙarshen 2008, bai wuce Janairun 2010 ba. Babu ɗaya cikinsu da ya rasa masoya. The Lion King kuwa tun Nuwamban 1997 ake yin sa, kuma a 2014 kuɗin da ya tara a duniya ya haura dala biliyan 6. Bambancin ba a yawan masoya yake ba, a shawarwarin da aka yanke ne tun kafin a ɗaga labule.

Lissafin lokaci shi ne farkon ciwon kai. Fim ɗin The Lion King na 1994 minti 88 ne, waƙoƙinsa biyar. Wasan dandamali mai waƙa yana cin kusan sa'a biyu da rabi har da hutun tsakiya. Ke nan akwai wajen sa'a guda da dole a cike, kuma yawancin wasannin da suka gundiri mutane a nan suka faɗi: an ja barkwanci ya yi tsawo, an ƙara raye-rayen da ba su kai labarin ko'ina ba. Wurin da ya dace a zuba ƙarin lokacin shi ne zuciyar jaruman. A fim kyamara tana matsowa kusa da fuska, daƙiƙa uku sun isa a gane baƙin ciki. Wanda ke zaune a layin ƙarshe na bene ba ya ganin idon ɗan wasa, don haka waƙa ce ke yin aikin kyamara. Darakta Julie Taymor, wadda ta shirya wasan The Lion King, ta gane haka. Ta koma kan wani faifai na 1995 da mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M ya yi aiki a kansa, aka ɗebo kiɗa daga ciki aka gina sababbin waƙoƙi: ɗaya ta Nala, zakanya ƙawar jarumin, lokacin da za ta bar ƙasarsu da fari ya cinye, ɗaya ta jarumin, Simba, yana kukan uban da ya yi masa alkawarin ba zai bar shi ba. Rafiki, birin nan da yake namiji a fim, ta mayar da shi mace, domin labarin ya yi ƙarancin mata masu faɗa a ji. Masoya ba su yi bore ba.

Wata hanya mai araha ita ce a buɗe akwatin waƙoƙin da aka yanke daga fim ɗin tun asali. Beauty and the Beast, wanda ya buɗe a 1994 ya yi shekara 13, ya dawo da waƙar kayan gida masu burin komawa mutane. Aladdin na 2014 ya dawo da waƙoƙin da aka yanke na marubucin waƙa Howard Ashman, wanda ya rasu a 1991 kafin fim ɗin ya fito. Masoya na haƙiƙa sun san da zaman waɗannan waƙoƙi, kuma kyauta suke ɗaukarsu, ba kutse ba. Sannan akwai batun inda za a ajiye babbar waƙa. Dole rabin farko ya ƙare da abin da zai hana mutum tafiya gida a lokacin hutu, shi ya sa a wasan Frozen na 2018 aka jinkirta waƙar da kowa ya zo dominta har zuwa ƙarshen rabin farko, alhali a fim tun da wuri take zuwa.

Inda na fi ƙaruwa shi ne batun dabbobi. Tunanin farko da ke zuwa wa kowa shi ne a lulluɓe ɗan wasa da rigar gashi daga kai zuwa ƙafa, kamar masu tallar kaya a wurin wasan yara. Wannan yana kashe abu uku a lokaci guda: fuska ta ɓace, murya ta toshe, zafi kuma ya gama da mutum kafin a je rabi. A The Lion King, Taymor da mai ƙera 'yan tsana Michael Curry akasin haka suka yi. Fuskar zakin a saman kan ɗan wasa take zaune kamar rawani, tasa fuskar a buɗe, mai kallo yana ganin dabba da mutum tare. Ta Mufasa, uban Simba, da ta ƙaninsa Scar suna kan wani ƙarfe mai lanƙwasa; idan faɗa ya tashi ɗan wasan ya sunkuya, sai fuskar ta zubo gaba ta rufe tasa, nan take ya zama zaki. Da zaren kabon aka ƙera su don kada su yi nauyi: ta Mufasa giram 310 ce ko kusa da haka, ta Scar wajen giram 200. Wannan ba ƙawa ba ce. Sau takwas ake wasa a mako, kuma duk abin da aka ɗora wa wuya sau takwas a mako har shekara guda, likita zai san da zamansa. Kayan Pumbaa, gadun nan, da ake goyawa kamar jaka, sun kai kilo 20. Timon, abokin Pumbaa, 'yar tsana ce mai kilo 7 da aka ɗaure a gaban ɗan wasa, shi kuma yana tsaye a bayanta kowa na ganinsa, salon da aka aro daga wasan bunraku na Japan. Raƙuman dawa mutane ne a kan dogayen sanduna huɗu, biyu a hannu biyu a ƙafa. Giwa mutum huɗu ke ɗaukarta, kowa a cikin ƙafa ɗaya, ta ratso tsakiyar masu kallo ta hau dandamali.

Abin lura shi ne babu abin da aka ɓoye. Ana ganin igiya, ana ganin taya, ana ganin mai turawa. Bayan 'yan mintoci ido yana daina kula da mutumin, in kuma ya koma kansa sai ya ƙara jin daɗi don ya ga gwaninta. Mu da muka san wasan dabo-dabo mun saba mai sarrafa 'yar tsana ya ɓuya a ƙarƙashin mayafi; a nan fitowarsa fili ita ce rabin wasan. Ɓoyewar ma tana da farashi. Sven, barewar ƙasar ƙanƙara ta wasan Frozen, mutum ne a lulluɓe ruf, a kife kan sanduna huɗu nauyinsa a kan hannuwa, kuma wahalar ta kai sai da aka ajiye mutum biyu suna karɓa-karɓa.

Wurare biyu a The Lion King sun cancanci mai koyo ya zauna ya zana su a takarda. Na farko gudun garken namun dawa a cikin kwazazzabo. An jera ƙofofi a bayan juna, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, don a sami nisa na ƙarya. Can ƙurya zanen garke ne a kan ƙyalle mai naɗewa, gabansa ƙananan siffofi a kan gangunan da ke juyawa, sannan a gaba 'yan rawa da manyan kawuna. Girman yana ƙaruwa mataki-mataki, sai ka rantse garken kanka zai bi. Na biyu fari: ƙaton ƙyallen siliki mai zagaye shimfiɗe a ƙasa a matsayin tafki, ana janye shi a hankali ta wani rami a tsakiya har ya ƙare. Dabara ce mai sauƙi, kuma tana cikin abubuwan da mutane suka fi tunawa.

Idan aka ɗora The Little Mermaid a gefen wannan sai a ga inda aka kauce. Matsalar ita ce yadda za a nuna iyo a ƙarƙashin teku. Aka sa wa 'yan wasa takalma masu taya a dunduniya suna sulalawa, jelar kifi na reto a bayansu. Sulalawa gefe da gefe take tafiya, iyo kuwa sama da ƙasa ne, ga kuma ƙafafu a fili alhali duk labarin a kan yarinyar da ba ta da ƙafa yake. Da aka sake gina wasan a Holan a 2012, sai aka jefar da takalman aka rataye 'yan wasa da waya suna shawagi, kuma wannan sigar ce aka ci gaba da yawo da ita. Tarzan ma da aka gyara shi ya yi shekara biyar a Hamburg ta Jamus daga 2008, inda masu lilo ke bi ta saman kawunan masu kallo. Labarin bai canja ba, dabara ce ta canja.

To me masoya ke yarda a taɓa? A ganina sun fi yadda furodusoshi ke tsoro sauƙin kai. A Aladdin an cire birin nan Abu aka ba jarumin abokai uku mutane, an cire damisar gimbiya, aku ya koma mutum. A Anastasia na 2017 an kori matsafin fim ɗin da jemagensa gaba ɗaya, aka kawo jami'in gwamnatin Bolshebik ta Rasha a matsayin abokin gaba. The Hunchback of Notre Dame, da ya yi shekara uku a Berlin daga 1999, ya bar jarumar ta mutu kamar yadda yake a littafin asali. Abin da ba sa yafewa biyu ne: waƙoƙin da suka haddace, da 'yan wuraren sihiri da suka zo gani da idonsu. Dole dardumar Aladdin ta tashi. Dole dodon Beauty and the Beast ya rikiɗe ya zama yarima. Dole rigar sarauniyar ƙanƙara ta Frozen ta canja ana tsakiyar waƙa.

A waɗannan wurare ake zuba kuɗi da lokacin gwaji, kuma a nan abubuwa suka fi lalacewa. Canjin riga a ƙiftawar ido riga biyu ce a jiki; ta sama an haɗa ta da maɓallan da ke ɓallewa da ja ɗaya, a fizge ta da waya daidai lokacin da fitila ta walƙa. Idan mai kiran umarni ya makara da rabin daƙiƙa, kowa ya ga rigar tana tafiya. Idan maɓalli ɗaya ya maƙale, mawaƙiya za ta ƙarasa waƙar da rabin riga a kafaɗa. Don haka bayan kowane wasa sai an sake ɗaura ta, a kuma gwada ta kafin a buɗe ƙofa. Rikiɗar dodo kuwa dabarar da aka saba ita ce wani ya sa kayan ya yi faɗan ƙarshe cikin duhu-duhu, jarumin na ainihi yana bayan fage ana ɓare masa kwalliya. Tsayinsu da tafiyarsu in ba su zo ɗaya ba, yaro ɗan shekara shida zai fara tona asirin da babbar murya.

Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa fara buɗewa a New York. The Lion King a Minneapolis aka gwada shi, The Little Mermaid da Frozen a Denver, Aladdin a Seattle sannan Toronto. Aikin darakta a wannan lokaci shi ne ya zauna a baya ya kalli masu kallo: inda yara suka fara mutsu-mutsu, inda iyaye suka ciro waya, a nan ake sa almakashi. Gyaran ba ya ƙarewa da buɗewa. A 2010, bayan kusan shekara 13 ana cika gida, an yanke wajen minti tara daga The Lion King har da waƙa guda. Su kuwa masu My Neighbour Totoro a Landan a 2022 sun ƙi sakin hoton ƙatuwar 'yar tsanarsu, suka bar ɗokin masoya ya yi musu talla, kuma tikitin da aka sayar a rana ɗaya ya karya tarihin gidan wasa na Barbican.

Ga makaranta ko ƙaramar ƙungiya da ke sha'awar gwadawa, haƙƙin mallaka ne matakin farko, ba ɗinki ba. Kamfanin Music Theatre International ne ke ba da lasisin yawancin wasannin Disney, kuma akwai gajerun sigogi na yara, na minti 60 da na minti 30, da kiɗan da aka riga aka naɗa a muryar da yara za su iya kaiwa. Lasisin bai ba ka damar kwafar zanen kayan Broadway ba, kuma ko ya ba ka, aljihu ba zai iya ba. A zaɓi wurin sihiri ɗaya a kashe masa rabin kuɗin. Fuskokin dabbobi a yi su da kwali ko soso, a ɗora su a kan hular da ke da maɗauri a ƙeya, a bar goshi da baki a buɗe saboda makirufo da numfashi. Kuma a ba yara su tun makon farko na gwaji, domin wanda ya koyi rawa da kai fayau, ranar da aka ƙara masa rabin kamu a sama sai ya buge ƙofar shiga da na kusa da shi.