Yau ta ce "a'a"

Talata da dare. Na gaji liƙis, amma ba zan kwanta ban rubuta wannan ba.

Wata uku ke nan da ɗalibata mai larurar ƙwaƙwalwa ta fara zuwa aji da kwamfutar hannu mai magana. Shekararta takwas, kanta na ja sosai, harshe da yatsu ne ba sa bin umarninta. Idan ta danna hoto, sai na'urar ta furta kalmar.

Kalmomin da muka fara loda mata su ne ruwa, bayi, ciwo, na gode. Dukansu na roƙon manya ne, kuma babu yaron da yake yin ƙawa da "na gode". Sai makon jiya na farga, na ƙara mata "a'a", "nawa", "zo", "ni ma".

Da safe suna zane, wani yaro ya fizge jan fensirin da ke gabanta. Na miƙe zan tsawatar masa, sai na ga ta sunkuya kan allon, tana lalubar hoton da bayan yatsa, hannun yana rawa. Mai magana da baki yakan furta kalma kusan 150 a minti ɗaya, ita kuwa kafin ta haɗa biyu hira ta wuce. Wannan jinkirin ne yake ware ta, ya fi keken guragun da take kai. Amma yarinyar da ke kusa da ita ta ɗaga hannu ta ce, "Ku tsaya, tana magana."

Suka yi tsit. Na'urar ta ce, "A'a. Nawa."

Yaron ya ajiye fensirin yana gunaguni: "To, in kin gama ki ara min." Da ita ya yi ciniki, bai ko kalle ni ba. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Sanarwar Salamanca ta 1994 kan ilimin yara masu buƙata ta musamman da sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa su ne suka tsaya mata ta zauna aji ɗaya da sa'o'inta, kuma ina godiya. Sai dai jiran da yaran nan suka yi yau, a aji ake koya shi, kullum.

Lokacin tara suka tura ta filin wasa, rana ta haske allon, ba a ganin komai. Gobe zan buga mata hotunan a kwali, in rufe da leda, in ɗaure a hannun keken. Kuma ta nuna min tana son kalmar "ƙarya ne".