Tarihin Rayuwata (Kashi na 19): Takardar da Oga Ya Danne

A makon jiya na tsaya a inda sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatu a Zariya. Masu tambayar dalilin da ya sa na tsallake zancen rasuwar Yaya Babba su yi haƙuri, zai zo. Yau maganar takardar nan ce ke cin raina.

Shirin da ya ɗauke mu na haɗin gwiwa ne, an fara shi a 2008 tsakanin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Ibadan da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Likitocin mutane, likitocin dabbobi irina, da 'yan ɗakin gwaje-gwaje, duk aji ɗaya ake zuba mu na shekara biyu. Zaman ajin ma kaɗan ne, yawancin karatun a ƙauyuka ake yin sa, ana bin sawun cuta. Abin da ya rage mini kawai oga ya sa hannu a takardar sakina daga wurin aiki, sai mutumin nan ya danne ta a ƙarƙashin fayil har damina ta faɗi. Duk ranar da na shiga ofishinsa sai ya ce, "Likita, karatun matsorata za ka tafi? Amurkawa ne ke tsoron a aika musu da cuta a ambulan. Mu nan wa zai ɓata kuɗinsa ya kashe mu da ƙwayar cuta, ga yunwa na yi masa aikin kyauta?" 'Yan korensa su kwashe da dariya.

Da na kai wa Baffa ƙara, yana zaune a zaure yana ɓare goro, ko kaina bai ɗago ya kalla ba. Cewa ya yi, "Kai dai ka je ka gaya wa mai gidan naka, ba a fafe gora ranar tafiya." Ban gaya masa ba, ina ni ina wannan ƙarfin hali a lokacin? Kawu ne daga baya ya taka har gidan ogan bayan sallar isha'i, washegari aka sa hannu.

Gaskiya ɗaya ogan ya faɗa, tsoro ne ya haifi irin wannan karatu. Malamanmu sun gaya mana a 1951, lokacin yaƙin Koriya, CDC ta fara horar da masu farautar annoba don gudun kada a yi wa Amurka yaƙi da ƙwayoyin cuta. Sannan a 2001 wani ya zuba garin ƙwayar ciwon saifa a wasiƙu ya aika wa gidajen jarida da sanatoci biyu. Mutum 22 suka kamu, biyar suka mutu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne a Washington. Bayan nan gwamnatinsu ta ƙara zuba kuɗi a jami'o'i don su horar da ma'aikatan lafiya na jihohi. Ni kuwa ana wannan bayani ina tuna kara, kasuwar shanu. Baffa ya yi shekaru yana dillancin shanu, kuma tun ina yaro ya nuna mini saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na zuba ta hanci da bayanta, ba ya daskarewa. Ya hana mahauta su sa mata wuƙa, ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne. Bai san ƙwayar kan yi shekaru gommai a cikin ƙasa ba ta mutu ba, amma ya san ba a feɗe irin wannan mushe.

Sai ga 2010. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, jijjiga da amai, an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Aka tura mu tare da mutanen CDC, gida-gida, a Dareta da 'Yargalma. Ba ɗan ta'adda, ba ambulan, dutsen zinariya ne ake kawowa cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙurar dalma na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. 'Yar na'urar da ake auna gubar dalmar da ke cikin jini da ita ba ta karanta abin da ya haura 65, kuma yaro bayan yaro sai ta nuna ya wuce ƙarfinta. Da aka haɗa lissafi, kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba a ƙauyukan biyu sun rasu cikin shekara guda. Wata uwa na tambaye ta, "Baba, yara nawa kika rasa?" Ba ta yi magana ba, yatsu uku ta ɗaga, ta ci gaba da tankaɗe. Duk tambayoyin da na yi mata, wa ya fara, yaushe, me ake yi a gidan, su ne dai waɗanda aka tsara don ranar da za a watsa cuta da gangan. A daren nan a masauki maganar goran Baffa ta hana ni barci, don Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa, sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan an binne yara sama da 400 a jihar.

Ogan fa? Ranar da baƙi suka zo ofis jin rahoto, shi ne a gaba da babbar riga, hannunsa a kafaɗata yana cewa, "Yarona ne, ni na tura shi." Har yau hoton na nan, ban rataye shi ba. Na ji ya yi ritaya, Allah ya ba shi lafiya, amma idan wani ɗansa na karanta wannan, ya gaya masa ban manta ba.

Lokacin Ebola a 2014 abokan karatuna da dama aka kwasa zuwa Legas, suna bin duk wanda ya yi hulɗa da majinyaci har kwana 21. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, takwas suka rasu, a watan Oktoba aka ce an gama. Ni ba a kira ni ba, ina gida Inna ta tashe ni da asuba a waya wai in yi wanka da ruwan gishiri. Yadda muka kwashe da ita, da abin da ya haɗa ni da mahautan garinmu a shekarar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.