Rufe Hancin Tirela a Hunturun Manitoba

A hunturuna na farko ina tuƙin tirela daga Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, na ɗauka kwalliya ce kawai ledar nan mai kauri da direbobi ke maƙalawa a hancin motocinsu, sai da watan Janairu ya kama, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Injin dizal ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma idan iska mai tsananin sanyi tana ratsa lagireto ba tare da shamaki ba, allurar ma'aunin zafin injin takan kwanta ƙasa da digiri 80 da ake so, man ba ya ƙonewa sosai, hita kuma ta riƙa hura iska mai ɗumi-ɗumi har yatsun ƙafata su sandare.

Sai dai ba a toshe hancin gaba ɗaya, domin na'urar sanyaya iskar da ke shiga injin tana buƙatar iska, shi ya sa ake barin taga a tsakiya, daidai saitin fanka. Ni dai ban yarda da kwalin da wasu ke cusawa ba, tun da yakan jiƙe ya manne. Wata rana da sanyi ya lafa na manta ban buɗe murfin ba, ina hawan tudu da cikakken kaya allura ta tasar wa ja, dole na faka a gefen titi na zuge shi.